"Ba Laifi" Ko Da Laifi?

'Yan uwana mata, akwai wata 'yar kalma da muke da ita wadda ta daɗe tana rufa mana asiri, wato "ba laifi". Ki tambayi mace yaya ta ga ɗinkin ƙawarta, sai ta ce ba laifi. Yaya abincin gidan biki? Ba laifi. Yaya yaron nan da yake zuwa zance wajen Wance? Ba laifi. Wani sa'in ma'anarta abu ya yi, wani sa'in kuwa ma'anarta abin bai yi ba, amma ba a bakina za ki ji mutuwar sarki ba. Mai wayo daga yadda aka ja muryar take gane wacce ake nufi.

To yau a kan wannan kalma nake so mu ɗan zanta, amma ta wata hanya da na san wasunku za su ce me kuma ya kai ta can. Maganar gem ce, wato wasan bidiyon nan da 'ya'yanmu da ƙannenmu, kai har da wasu iyayen gidan, suke raba dare a kansa a waya ko a talabijin. Kada ki ce ba ruwanki, uwargida. Canjin cefanen da yaro yake yi miki nacinsa don ya tafi gidan gem, da datar da ake zuƙe miki a waya, ai daga gefen zaninki suke fita.

A ƙasashen da ake ƙera waɗannan wasanni, irin su Amurka da Japan da ƙasashen Turai, abin ya wuce wasan yara, kasuwa ce ta biliyoyin daloli. Sabon gem babba guda ɗaya yakan kai dala 60 zuwa 70, ki buga lissafi da kuɗinmu ki ji. Kuma shi ba atamfa ba ne da za ki warware a shago, ki murza, ki ɗaga a rana ki gane ko mai zuba ce. Sai mutum ya biya, ya kai gida, ya zauna ya ɓata sa'o'i, sannan zai san abin da ya sayo. Wannan ne ya sa aka sami wasu mutane da sana'arsu ke nan: a ba su wasa kafin ya fito kasuwa, su buga shi, su rubuta abin da suka gani, su ba shi maki cikin goma ko cikin ɗari. Su ake kira masu sharhi. Jama'a kuwa sai su riƙe kuɗinsu su jira su ji me za su ce.

Ga tambayar da ta tsaya mini a rai. Mutane ɗari ko fiye sun kwashe shekaru suna zufa a kan aiki, da shi suke ci da iyalansu, sai wani ya zauna kwana uku ya rubuta wa duniya cewa aikin nan bai yi ba. Shin taimako ya yi, ko kuwa cin mutunci? Mu dai a kan kara da kawaici aka tashe mu. An koya mana cewa ba a kushe abin mutum a gaban idonsa, balle a tsakiyar kasuwa. Kuma wallahi ba na raina wannan tarbiyya, don ita ce ta riƙe zumunci da yawa da tuni sun watse.

Amma bari in ba ki labarin wani mutum. A watan Nuwamba na 2007, wani mai sharhi Ba'amurke mai suna Jeff Gerstmann, wanda ya haura shekara 10 yana aiki a wani babban shafin intanet da ake kira GameSpot, ya rubuta sharhi a kan wani wasa mai suna Kane & Lynch: Dead Men. Maki 6 cikin 10 ya ba shi. Kin ga ke nan bai ce shara ba ne, bai kuma ce zinariya ba ne, cewa ya yi abu ne na tsaka-tsaki, kuma ya faɗi inda ya gaza. Sai aka yi rashin sa'a a daidai lokacin kamfanin da ya fitar da wasan, Eidos, ya lulluɓe shafin da tallan wannan wasa, ko ina ka duba shi ne. Ba a cika mako uku ba aka sallami bawan Allahn nan daga aiki. Masu shafin suka ce korar ba ta da alaƙa da sharhin. Abokan aikinsa da dama ba su gamsu ba, suka ajiye aiki ɗaya bayan ɗaya. Sai a 2012 shi da bakinsa ya bayyana cewa lallai masu ba da talla sun matsa da barazanar janye kuɗinsu, shugabannin da ke sama da shi kuma suka kasa jurewa.

Abin lura a nan, 'yar uwa, mutumin nan "ba laifi" ya ce, amma irin ta gaskiya, wadda ake bin ta da bayani. Abin da ake so ya faɗa shi ne ɗaya "ba laifi" ɗin, mai murmushi, wadda take sa mai saye ya zaro kuɗinsa.

Ni a ganina duk inda ake irin wannan magana mutum uku ne a tsaye: mai kaya, da mai saye, da wanda aka tambaya. Mu kuma idan za mu yi kara, mai kaya kawai muke gani, saboda shi ne mai fuska, shi za mu haɗu da shi gobe a hanya. Mai saye ba ma ganinsa. Alal misali maƙwabciyarki ta shigo ana saura mako biyu salla, ta ce Maman Wane, telan nan na bakin layi yaya aikinsa? Ke kuwa kin san sarai ya taɓa mayar miki da riga kamar buhu. Amma kuna gaisawa da matarsa, sai kika ce ba laifi. Ta ɗauki leshin da ta yi wata shida tana zubin adashi a kansa ta kai masa. To kin yi kara, ba musu. Amma da leshin wa kika yi ta? Ke ba ki yi asarar ko zare ba. Telan ya ji daɗi, ke kin fita kunya, wadda ta amince da ke ita ce ta kwana da takaici. Wannan ita ce karar da ba na ganin ladanta, kara da dukiyar wani.

Su kansu kamfanonin sun san ƙarfin bakin mai sharhi, shi ya sa wani lokaci ba sa tsayawa roƙonsa, rufe masa ido suke yi. Ran 10 ga Disamba 2020 wani kamfanin ƙasar Folan mai suna CD Projekt ya fitar da Cyberpunk 2077, wasan da aka yi shekaru ana kururutawa, har mutum miliyan 8 suka biya kuɗinsa tun bai fito ba. Kafin fitowarsa, samfurin da yake aiki a kan kwamfuta kaɗai aka bai wa masu sharhi, suka gani, da yawansu suka yaba. Samfurin da zai hau na'urorin gida na PlayStation 4 da Xbox One, wanda ɗimbin jama'a za su saya, ba a nuna musu ba. Irin dai na mai tumatir da yake jera manya a saman kwando. Da mutane suka kunna a gidajensu sai ga hoto yana sarƙewa, wasa yana mutuwa ana tsaka da yi. Cikin 'yan kwanaki kamfanin ya fito yana ba da haƙuri, Sony kuma ta cire wasan daga kantinta na intanet ta ce a mayar wa mutane kuɗinsu, bai koma ba sai Yunin 2021. Da an bar masu sharhi sun leƙa ƙasan kwandon, da mutane da yawa sun riƙe kuɗinsu.

To amma fa kada mu yi saurin yi wa masu suka guɗa, don akwai ɗaya gefen, kuma shi ya fi taɓa mini zuciya.

A shekarar 1982 wani fim ya fito a Amurka mai suna E.T., na Steven Spielberg, labarin wata 'yar halitta daga wata duniya da aka manta da ita a nan, yara suka ɓoye ta suna neman yadda za ta koma gida. Fim ɗin ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba. Sai kamfanin Atari, wanda a lokacin shi ne sarkin harkar gem, ya biya kuɗi sama da dala miliyan 20 don a ba shi izinin yin wasa da sunan. Ciniki bai faɗa ba sai ƙarshen Yuli, su kuma suna so kaya ya shiga kanti kafin Kirsimeti, lokacin da iyaye suke yi wa yara sayayya. Aka kira wani saurayi ma'aikacinsu, Howard Scott Warshaw, wanda bai kai shekara 30 ba, aka ce ya gama wasan kafin 1 ga Satumba. Mako biyar ke nan da 'yan kwanaki, a aikin da aka saba ɗaukar wata shida ko fiye ana yi. Kuma ba wai ɗan koyo ba ne. Shi ne ya yi Yars' Revenge da Raiders of the Lost Ark, wasanni biyu da kowannensu ya sayar da sama da miliyan ɗaya. Don an san ya iya aka ɗora masa.

Ya karɓa, ya yi ta yi dare da rana, kuma ya gama a kan lokaci. Wasan da ya fito, aikin mai bugawa shi ne ya yawata da 'yar halittar yana tattara gutsattsarin wayar tarho guda uku da za ta kira 'yan uwanta da ita, su kuma gutsattsarin a cikin ramuka suke. Nan matsalar take. Ka ɗan gota kaɗan ka faɗa rami, ka yi fama ka fito, ka sake zurmawa cikin wanda ka baro. Yaro ɗan shekara bakwai da aka saya wa kyautar Kirsimeti sai ya yi ta faɗawa rami har ya fashe da kuka. An sayar da kimanin miliyan ɗaya da rabi, amma abin da aka buga ya ninka haka, ga shi kuma masu saye suna ta dawo da nasu. A 1983 Atari ta tafka asarar dala miliyan 536, kasuwar gem ta Amurka gaba ɗaya ta durƙushe. A watan Satumba na shekarar aka loda kaya a manyan motoci aka kai wani juji a garin Alamogordo da ke jihar New Mexico, aka binne, aka zuba kankare a kai.

Daga nan fa sunan ya bi shi. Shekara 30 ana rubutawa, ana maimaitawa, cewa E.T. shi ne wasa mafi muni a tarihin duniya, kuma shi ya kashe kasuwa. Mutum ɗaya, aikin mako biyar.

Yanzu ki dubi wannan da idon uwargida. Maigida ya shigo ana kiran magariba ya ce yana da baƙi 20, a kawo tuwo kafin isha'i. Kika zage kika yi, tuwo ya fito da gudaji, miya ba ta nuna ba. Baƙon da ya ce tuwon nan da gudaji bai yi ƙarya ba, kuma ba za a ce ya haɗiye ya yi godiya dole ba, musamman in kuɗinsa ya biya. Amma wanda ya fita yana yaɗawa a gari cewa matar Wane ba ta iya girki ba, har abin ya zama sunanki, wannan ya zalunce ki, ko da kuwa gudajin gaskiya ne. Don bai tambaya ba: wa ya gayyato mutum 20? Wa ya yanka lokacin? Wanda ya yanke shawarar mako biyar, da wanda ya sa aka buga miliyoyin kaset ba tare da an gwada wa yara an ga yadda za su karɓa ba, suna can ofis a sama, ba a cika jin sunayensu a cikin barkwancin ba. Ga shi kuma kasuwar ba wasa ɗaya ne ya kayar da ita ba. A lokacin kowane kamfani ya tsunduma yin gem, kantuna suka cika maƙil da tarkace, farashi ya faɗi, ga kwamfutocin gida sun fara janye masu saye. Amma labarin "wasa ɗaya ya rusa kasuwa" ya fi daɗin faɗa a majalisa.

Kuma shin ma shi ne mafi muni? Da yawa daga waɗanda suka koma suka buga shi da natsuwa cewa suke yi wasa ne mai wahalar sha'ani, wanda aka yi cikin gaggawa, amma akwai waɗanda suka fi shi lalacewa nesa ba kusa ba a wannan zamanin. Wato dai shi ma ɗan tsaka-tsaki ne. To a nan nake ganin inda gizo yake saƙar. Abu mai kyau ƙwarai ba wuyar yabo, abu mummuna ƙwarai ba wuyar kushe. Na tsakiyar nan shi ne yake gwada gaskiyar mutum, don ba shi da daɗin labari. In ka ce "yana da kyau nan, ya gaza nan, in kana da haƙuri za ka ɗan more shi, in kuɗinka kaɗan ne jira ya yi araha", ba mai tafa maka. In ka ce "wannan shi ne bala'in da ba a taɓa gani ba", ka yi ta ihu kana jifa da kaya a gaban kyamara, sai dubban mutane su taru suna dariya, talla kuma ta shigo. Yau a YouTube akwai masu ci da wannan kaɗai. Ƙarin gishiri wajen kushe da ƙarin gishiri wajen yabo, ni ban ga bambancinsu ba, duka biyun mai saye aka yaudara, sai dai a na farkon an haɗa da mutuncin mai aiki. Mu ma mun san irinsu a gidan suna, wadda in ta kushe kayan ɗakin amarya ba don ta ankarar da kowa take yi ba, don a ce ta iya magana ne.

Wani abin da ya kamata mai ba da maki ya riƙa tunawa shi ne alƙalaminsa yana taɓa tukunyar wasu. Akwai wani shafi, Metacritic, da yake tattara makin masu sharhi ya fitar da matsakaici. A 2010 kamfanin Obsidian ya yi wasan Fallout: New Vegas, da sharaɗin za a ba su ƙarin kuɗi in makinsu ya kai 85. Suka sami 84. Maki ɗaya tak, kuɗin ya wuce su, kamar yadda ɗaya daga manyansu ya bayyana a 2012. Ban ce don haka mai sharhi ya ƙara maki saboda tausayi ba, in ya yi haka mun koma gidan jiya, kara da kuɗin mai saye. Laifin ma na wanda ya ɗaura abincin ma'aikata a kan lamba ɗaya ne. Amma wanda ya san nauyin lambar nan ba zai buga wasa rabi ya watsar ya zauna rubutu ba, ba kuma zai rage maki don ya burge 'yan kallo ba.

Sai kuma masu wuce gona da iri, waɗanda ba su ma cancanci a kira su masu sharhi ba. A watan Agusta 2016 wani ɗan ƙaramin kamfani a Ingila, Hello Games, wanda ma'aikatansa ba su kai 20 ba, ya fitar da No Man's Sky. Shugabansu Sean Murray ya yi ta bayani a hirarraki kan abubuwan da za a gani a ciki, wasa ya fito babu wasu daga cikinsu. Mutane suka fusata, kuma suna da hujja, an sa musu rai an kuma karɓi kuɗinsu. Amma har da masu aika saƙon barazanar kisa. A kan wasa fa, jama'a! Mutanen nan suka yi shiru, suka koma ɗaki, suka tsince ƙorafin gaskiya daga cikin zagin, suka shafe shekaru suna gyara suna ƙara abubuwa kyauta, har waɗanda suka tsine wa wasan suka dawo suna yabo. Wanda ya rubuta "kun ce za mu haɗu da juna a ciki, ga shi ba ma haɗuwa", ya ba su abin gyarawa. Wanda ya rubuta "sai mun ga bayanku", ban san me ya ba su ba ban da rashin barci.

Wata za ta ce, to ai ga shi sun gyara, da an yi musu haƙuri tun farko. Anya kuwa? Ni ina shakka. Telan da duk unguwa take ce wa ba laifi, yaushe zai san hannun rigarsa a karkace yake? Kuma wanda ya biya cikakken kuɗi a ranar farko ya karɓi rabin kaya, gyaran da aka yi bayan shekara biyu bai mayar masa da ranar ba. Shi ya sa in maƙwabciya ta tambaye ni tela, abin da na ga ya fi shi ne in ce mata ɗinkin yara yana yi, amma leshi kada ki ba shi a jajibirin salla, aiki yana yi masa yawa ya ɓata. Ban zage shi ba, ban ce ɓarawo ne ba, ban kuma tura ta rami ba. Ko matarsa ta ji, na iya maimaitawa a gabanta, ko da za ta ɗan ɗaure mini fuska kwana biyu.

Shi kuwa Warshaw, barin harkar gem ya yi, ya taɓa sana'o'i daban-daban, daga baya ya koma karatu ya zama mai ba da shawara ga masu damuwar zuciya a California, yawancin masu zuwa wajensa ma'aikatan kamfanonin kwamfuta ne da aiki ya yi wa yawa. Ran 26 ga Afrilu 2014 aka kawo katafila aka tone jujin nan na Alamogordo don a ga ko labarin binnewar gaskiya ne. Ɗaruruwan mutane suka zo kallo cikin iska da ƙura, shi ma yana tsaye a wurin. Aka tarar gaskiya ne, sai dai ba E.T. kaɗai aka binne ba, wasanni ne iri-iri har da waɗanda suka yi kasuwa. Ma'aikacin Atari da ya kula da binnewar ya ce kaset kusan 728,000 aka zuba, aka ciro kimanin 1,300. Hukumar garin ta yi gwanjon mafi yawansu ta sami sama da dala 100,000, aka kai ɗaya gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Wani kaset na E.T. guda ɗaya, a lanƙwashe, da ƙasar juji a jikinsa, sai da aka saye shi sama da dala 1,500.